Targaɗe Ko Karaya: Gidan Maɗori Za A Nufa Ko Asibiti?

Da wuya a samu gidan da ba a taɓa yin wannan gardama ba. Yaro ya dawo daga filin ƙwallo yana ɗingishi, ko uwar gida ta zame a bakin rijiya, ko magidanci ya faɗi da babur ƙafa ta shige ƙarƙashinsa. Kafin a jima idon sawu ya kumbura suntum, mai ciwo na cije leɓe, 'yan dubiya sun cika ɗaki. Nan take sai gida ya rabu biyu. Wasu su ce a kira maɗori tun ƙafar ba ta huce ba, wasu su ce a'a, a tafi asibiti a ɗauki hoto. Galibi babban gida ko wanda zai fitar da kuɗi shi ke yanke hukunci, mai ƙafar kuwa sai yadda aka yi da shi. Kowane ɓangare yana riƙe da wata gaskiya da ɗayan ba ya son ji, kuma tunda ƙafar mutum ce a tsakiya, ya kamata a saurari kowa da kunnen basira.

Ƙafa, daga dunduniya zuwa yatsu, tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, ga tsoka da jijiyoyi fiye da ɗari masu ɗaure su da motsa su. Idon sawu kuwa mahaɗar ƙashi uku ce: babban ƙashin ƙwauri, da siririn da ke gefensa ta waje, da wani dunƙulallen ƙashi da ke zaune a tsakaninsu yana karɓar nauyin jiki gaba ɗaya. Tudun nan biyu da muke shafawa dama da hagu, ƙarshen ƙasusuwan ƙwauri ne. Raunin da ya fi yawa shi ne ƙafa ta gurɗe ta ciki, tafinta ya kalli 'yar'uwarta, jijiyoyin da ke ɗaure da gefen waje su miƙe fiye da kima ko su yage. Wannan shi ne targaɗe. Rami a hanya, takalmi mai tsini, silifa a kan laka, dira a kan ƙafar abokin wasa, duk suna jawo shi. Idan ƙarfin gurɗewar ya wuce haka, sai bakin ƙashi ya tsage, ko ya karye, ko gaɓar ta goce ɗungurungum.

Matsalar ita ce a ranar farko duk kamarsu ɗaya. Targaɗe yana kumbura, karaya tana kumbura. Dukkansu suna tara jini, dukkansu suna hana barci. Maganar da ake yi cewa in mutum yana iya motsa yatsu to ba karaya ba ce, ba ta da tushe, domin jijiyoyin da ke motsa yatsu daga ƙwauri suke saukowa, kuma suna aikinsu ko da ƙashi ya karye.

Masu cewa a je wa maɗori ba jahilci ke magana da bakinsu ba, kamar yadda wasu 'yan boko ke ɗauka. Hujjarsu ta farko ita ce kusanci. Likitocin ƙashi a Nijeriya ɗaruruwa ne kawai, ga al'umma fiye da miliyan 200, kuma yawancinsu a manyan birane suke. Asibitin ƙashi na Dala da ke Kano, wanda aka kafa a 1959, shekaru da dama shi kaɗai ne irinsa na tarayya a duk Arewa, sauran biyun suna Igbobi a Legas da kuma Inugu. Manomin da ya faɗo daga amalanke a ƙauyen da mota ba ta shiga da damina, wa zai gani kafin dare in ba maɗori ba? Shi yana nan a unguwa, an san gidansu, an san a wurin mahaifinsa ya gada, ko tsakar dare aka buga masa ƙofa zai fito.

Hujja ta biyu kuɗi. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun marasa lafiya yake fitowa kai tsaye. Kati kuɗi, hoto kuɗi, filastar nan mai daskarewa kuɗi, in kuwa aka ce sai an yi tiyata an sa ƙarfe, to wani sai ya sayar da gona ko ɗan abin sana'arsa. Maɗori kuwa da yawansu ba sa yanka farashi. Abin da ya sawwaƙa shi ake bayarwa, wani lokacin ma sai an warke. Wanda bai taɓa tsayawa a bakin wurin biyan kuɗi da ɗansa a kafaɗa, aljihu wayam ba, bai kamata ya yi saurin zargin mai gudun asibiti ba.

Akwai kuma abin da ba a saye da kuɗi, wato kulawa. Maɗori zai zauna a tabarma, ya kama ƙafar da hannunsa, ya shafa man kaɗanya, ya yi addu'a, ya dawo bayan kwana biyu ya duba. Da harshenka yake maka magana, kuma bai ɗauke ka lamba a kan kati ba. A asibiti kuwa mutum na iya yini a layi, likita ya gan shi minti uku bai ɗago kai ba, a ce injin hoto ya lalace ko babu wuta, ko a tarar ana yajin aiki. Sannan ga babbar hujjarsu, wadda suke kawowa in gardama ta yi zafi: wane da wane duk maɗori ne ya ɗora su, ga su nan suna tafiya garau. Gani ya kori ji.

Tarihi ma yana ba su wani abin riƙewa, ko da yawancinsu ba su san da shi ba. Hugh Owen Thomas, wanda ake ɗauka uban aikin ƙashi na zamani a Birtaniya, ɗan gidan maɗora ne gaba da baya, mahaifinsa da kakanninsa sana'arsu ke nan. Ƙarfen ɗorin cinya da ya ƙirƙira ya ceci rayukan sojoji masu tarin yawa a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma har gobe ana amfani da shi. A 1867 babban likita James Paget ya yi wa 'yan'uwansa likitoci lacca a kan cututtukan da maɗora ke warkarwa, ya shawarce su da su koyi abin da ke da kyau a aikin maɗoran, su guje wa marar kyau. Ashe ilimin da ake taƙama da shi a asibiti a yau yana da jinin maɗora a jikinsa.

To sai dai masu cewa a je asibiti suna da amsa, kuma a ganina amsarsu ta fi nauyi, duk da ba su cika iya faɗinta da ladabi ba.

A fara da waɗanda aka ce sun warke garau. Bincike a ɗakunan taimakon gaggawa ya nuna cewa cikin masu zuwa da raunin idon sawu, ƙasa da kashi 15 cikin 100 ne ke da karaya. Saura duk targaɗe ne da makamantansa, kuma targaɗe da ikon Allah yake warkewa, ƙarami cikin mako ɗaya zuwa uku, babba cikin wata ɗaya da rabi zuwa uku, ko an taɓa shi ko ba a taɓa ba. Karayar da ba ta goce ba ita ma in aka hana ta motsi tana haɗewa cikin kamar mako shida. Saboda haka duk wanda ya ɗaure ƙafa goma, takwas ko tara za su tashi lafiya, kuma sunansa zai yi tashe. Ƙwarewa tana bayyana ne a kan ɗayan ko biyun da suka saura, waɗanda ciwonsu ya ɓuya a inda hannu ba ya kaiwa. Su kuwa ba a cika kawo sunansu a wurin gardama ba, suna gida suna jan ƙafa an ce ƙaddara ce.

Labarin Robert Jones ya isa misali. Shi ne yaron da ya tashi a hannun Thomas ɗin nan, ya gaji hannun maɗora ya kuma haɗa da karatun likita, har ya zama jagoran likitocin ƙashi na zamaninsa. Wata rana yana rawa sai ya taka gefen ƙafarsa ta waje, ya ji wani abu ya ɓalle. Da duk iliminsa, cewa ya yi jijiya ce ta tsinke. Sai da aka ɗauki hoto, wanda a lokacin sabon abu ne tunda a 1895 Wilhelm Röntgen ya gano hasken a Jamus, sannan aka ga ƙashin da ke bayan ƙaramin yatsa ne ya karye. Ya rubuta bayanin a 1902, kuma har yau da sunansa ake kiran wannan karaya. Wuri ne da jini bai wadace shi ba, don haka yakan ƙi haɗewa in aka ci gaba da takawa. In mutum irin wannan ya kasa gane karayar ƙafarsa ta kansa da hannu, wane ne zai bugi ƙirji ya ce yatsunsa sun ishe shi hoto?

Kuma idon sawu gaɓa ce da ba ta yafe kuskure. A 1976 wasu likitoci biyu, Ramsey da Hamilton, suka auna abin da ke faruwa in dunƙulallen ƙashin nan na tsakiya ya matsa gefe da milimita ɗaya tak. Suka tarar faɗin wurin da ƙasusuwan ke haɗuwa ya ragu da kashi 42 cikin 100. Milimita ɗaya kaɗan ya wuce kaurin farce. Nauyin da ya kamata ya bazu sai ya taru a ɗan wuri, guringuntsi ya riƙa cinyewa a hankali, bayan wasu shekaru mutum ya wayi gari da amosanin gaɓa, tafiya zuwa masallaci ta zama aiki. Babu hannun da zai ji wannan tazara ta cikin kumburi. Shi ya sa likita ke ɗaukar hoto kafin gyara, ya sake ɗauka bayan gyara, kuma in ya ga gaɓar ba za ta zauna ba ya ce sai an buɗe an sa ƙarfe da kusoshi.

Raunukan da ke sa rigar targaɗe suna da yawa. Akwai gocewar tsakiyar ƙafa, wadda ake kira da sunan Lisfranc, wani likitan sojan Faransa na zamanin Napoleon. Takan faru in ƙafa ta maƙale jiki ya juya, kamar wanda ya faɗo daga doki ƙafarsa na cikin likkafa, ko mai babur da ƙafarsa ta kafe a ƙasa. Alamarta ita ce jini ya taru a tafin ƙafa, kuma ko a asibiti kusan ɗaya cikin biyar yana kuɓuce wa likita a ganin farko. Akwai tsinkewar agara, inda mutum zai ji kamar an doke shi da sanda ta baya, ya waiga bai ga kowa ba. Irinta ce ta hana David Beckham buga gasar cin kofin duniya ta 2010. Gwajinta mai sauƙi ne: mai ciwo ya kwanta ruf da ciki, a matsa tsokar sha-raɓarsa, in ƙafar ba ta motsa ba to agara ta tsinke. A nan akwai abin da ya kamata masu sayen magani a kemis su sani. Maganin nan sifuro, wato ciprofloxacin, da ake sha barkatai da sunan taifot, yana raunana agara, har a 2008 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa aka rubuta babban gargaɗi a kansa da danginsa. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya haura shekara 60 da mai shan magunguna irin su prednisolone. Wanda ya faɗo daga bishiya ko saman gini ya dira da dunduniya kuwa, sai an duba har ƙashin bayansa, domin ƙarfin dirar yakan haura can. Yara su ma nasu daban ne. A ƙarshen ƙashinsu akwai wurin da tsawo ke fitowa, kuma ya fi jijiyoyinsu rauni, don haka abin da zai zama targaɗe ga babba yakan zama karaya ga yaro. In ta haɗe a karkace, ƙafar na iya girma a karkace.

Amma duk waɗannan ba su ne suka fi tayar mini da hankali ba. Ɗaurin kara ne. Ƙafar da ta ji rauni tana ci gaba da kumbura har kwana biyu ko uku. In aka jera mata kara ko tsagin gora aka tamke da tsumma tun ranar farko, kumburin ba shi da wurin zuwa, sai ya koma ciki ya shaƙe hanyoyin jini. Tsokar da jini ya daina kai mata takan fara mutuwa cikin awa shida zuwa takwas. Alamar farko ita ce azabar da ke ƙaruwa maimakon raguwa, wadda magani ba ya taɓawa. Daga nan sai yatsu su yi sanyi, su daina ji, fata ta yi bororo, launi ya sauya zuwa baƙi. Abin takaici shi ne a daidai wannan lokaci ne ake ce wa mai ciwo ya daure, wai ƙashi ne ke kamawa. Yaro ya kwana yana kuka, a ce raki ne. Ranar da wari ya fito aka kwance, aikin gama ya gama. Likitocin ƙashi a Nijeriya sun rubuta rahotanni da dama a kan wannan ruɓewa, kuma yawancin waɗanda abin ke rutsawa da su yara ne da matasa, masu karayar da ba ta kai ta kawo ba.

Daga nan ne tsoron nan ya samo asali, cewa asibiti ba su da aiki sai yanke ƙafa. Gaskiya ne ana yankewa. Amma a tambayi a wane hali ƙafar ta iso. Naman da ya riga ya mutu ba ya dawowa, kuma in aka bar shi gubarsa za ta shiga jini ta tafi da mai shi. Mutane suna ganin wanda ya shiga da ƙafa ya fito babu, ba sa lissafa makonnin da ya yi a ɗaure kafin ya shiga. Tsoron sai ya sa na gaba ya ƙara jinkiri, jinkirin ya sake jawo yankewa. Haka nan tsaga da reza ko yin ƙaho don a fitar da abin da ake kira mataccen jini, da cusa garin magani a raunin da ƙashi ya fasa fata, duk buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa ne zuwa cikin ɓargo. Irin wannan rauni wanki yake buƙata a ɗakin tiyata, da allurar kashe ƙwayoyin cuta cikin gaggawa, da ta rigakafin tetanos. Mai ciwon suga kuwa ko kusa bai kamata a gasa masa ƙafa ko a tamke ta ba, domin jinsa ya ragu, zai iya ƙonewa ko ya yi ta takawa a kan karaya bai sani ba.

Kada mai karatu ya ɗauka asibiti ba ta kuskure. Filastar likita ita ma in ta matse tana kashe ƙafa kamar yadda kara ke yi, bambancin kawai shi ne an koya wa ma'aikacin asibiti ya bar wa kumburi wuri kuma ya tsaga ta in alamu suka bayyana. Tiyata tana iya kawo ƙwayar cuta. Marco van Basten, ɗan ƙwallon Holan da ya lashe kyautar gwarzon Turai sau uku, an yi masa aiki a idon sawu ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, a hannun manyan likitocin Turai, amma wasansa na ƙarshe a 1993 ne yana ɗan shekara 28, ya haƙura da ƙwallo a 1995. Ilimin likitoci ma yana sauyawa. An daɗe ana sanya wa targaɗe filasta na makonni, daga baya aka gane ɗan tallafi da fara takawa da wuri sun fi amfani ga yawancinsa. Gabe Mirkin, likitan da ya yaɗa shawarar nan ta hutu da ƙanƙara da naɗi da ɗaga ƙafa a 1978, shi da kansa ya fito a 2014 ya ce yawan ƙanƙara da cikakken hutu na iya jinkirta warkewa. Wasu za su ce to ga shi nan, su ma lalube suke. Ni kuwa a nan nake ganin ƙarfinsu. Suna rubuta abin da suka yi, suna ƙirga waɗanda suka warke da waɗanda ba su warke ba, in lissafi ya ƙaryata su sai su sauya. Gidan ɗori ba shi da littafin da ake rubuta wanda ya tafi bai dawo ba.

To yaya talaka zai yi, tunda ba kowane gurɗewa za a kwasa zuwa birni ba? Likitoci sun yi wannan tunani, don su ma yawan hoto marar amfani ya dame su. A 1992 Ian Stiell da abokan aikinsa a birnin Ottawa na Kanada suka fitar da wasu 'yan ƙa'idoji na tantance wanda ke buƙatar hoto. A duba ko mai ciwo zai iya yin taku huɗu, ko da ɗingishi ne, a lokacin da ya ji raunin da kuma lokacin da ake duba shi. A danna ƙashin tudun nan biyu na idon sawu, a kan tsininsu da gefensu na baya, a haura sama kamar santimita 6. A danna ƙashin da ya ɗan fito a tsakiyar gefen ƙafa ta waje, da takwaransa na gefen ciki a gaban idon sawu. In ya kasa taku huɗun, ko ƙashin kansa ya yi zafi a ɗaya daga waɗannan wurare, sai hoto. In babu ko ɗaya, da ƙyar ne a samu karaya. An gwada ƙa'idojin a kan dubban mutane a ƙasashe daban-daban, an ga ba kasafai karaya ke tsallake su ba, kuma suna rage yawan hoto da kashi 30 zuwa 40 cikin 100. Ba a dogara da su ga ƙaramin yaro, ko wanda ya bugu, ko wanda ƙafarsa ba ta ji sosai. Abin da ya burge ni shi ne ba sa buƙatar wuta ko inji. Babban yatsa ne kawai da sanin inda za a danna, kuma wa ya fi maɗori sanin wannan?

Nan ne gardamar ke komawa wani fage: a koyar da maɗora ko a hana su? Likitoci da yawa suna adawa da koyarwar. Suna cewa duk wanda aka ba takardar halartar bita zai rataye ta a zaure ya ce gwamnati ta amince da shi, ya ƙara ƙarfin halin taɓa abin da ya fi ƙarfinsa. Wannan tsoro ne mai tushe, musamman yanzu da sana'ar ta cika da waɗanda ba gado ba koyo, sai lasifika da allon talla. Amma akwai abin da aka gwada aka gani. A kudancin Habasha, wani bincike da aka buga a 2005 ya nuna cewa cikin shekara biyu an yanke gaɓoɓi 49, kuma 25 daga ciki ɗaurin maɗora ne ya ruɓar da su. Sai aka tara maɗora 112 aka yi musu bita ta yini ɗaya ɗaya, aka kuma horar da ƙananan ma'aikatan lafiya na yankin. A shekara biyun da suka biyo baya, yankewa ta sauko zuwa 25, na ruɓewa kuwa 7 kacal. Yini ɗaya. Hani kuwa ba zai yi aiki ba muddin babu wanda zai maye gurbin, sai dai ya kore sana'ar zuwa ɓoye inda ba mai ganin ɓarnarta. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Akwai wurin da ɓangarorin biyu suka taru suka yi sakaci, wato bayan zafi ya tafi. Jijiyar da ta yage tana warkewa, amma ƙafar takan manta yadda za ta kare kanta in ta taka wuri marar daidai. Shi ya sa har kusan kashi 40 cikin 100 na masu targaɗe ke ci gaba da fama da gurɗewa a kai a kai. Maganin ba ya cin ko kwabo: mutum ya riƙa tsayawa da ƙafar ita kaɗai na rabin minti sau da yawa a yini, in ya saba ya rufe ido, ya riƙa ɗagawa a kan yatsu yana sauka, ya juya ƙafar ta kowace fuska. Masu gashin ƙashi a asibiti aikinsu ke nan, amma ba kowane likita ke tura mutum wurinsu ba, maɗori kuwa da an kwance kara ya sallame ka. A kwanaki biyu ko ukun farko kuma a bar murza da ja da gashi da ruwan zafi, suna ƙara kumburi ne. A ɗaga ƙafar sama da ƙirji, a yi naɗi sassauƙa wanda yatsa zai shiga ƙarƙashinsa, a sha farasitamol, a nisanci tiramol. Mai shan sigari ya sani cewa hayaƙin yana jinkirta haɗewar ƙashi.

Hukuncina shi ne, a wannan gardama masu cewa a fara da hoto sun fi gaskiya, duk lokacin da aka yi shakka. Ƙafar da ta karkace, ko fata ta fashe, ko mai ita ya kasa taku huɗu, ko yaro ne, ko mai ciwon suga, ba ta gidan ɗori ba ce, ko da kuwa sai an ci bashi, domin kuɗin hoto bai kai na ƙafar roba ba. Masu kare maɗori kuma sun fi gaskiya a kan cewa ba a raba mutum da abin da yake da shi a bar shi hannu rabbana. Ina kira ga ma'aikatun lafiya na jihohi da masarautu su tara sarakunan ɗori su koya musu waɗannan alamomi, a buɗe musu hanyar turo marasa lafiya ba tare da an ci musu fuska ba. Ku kuma maɗora, iyayenmu, wanda ya ce wannan ta fi ƙarfina a kai ta asibiti, darajarsa ƙaruwa take yi.

Kai kuwa mai karatu, ko wane ne ya yi ɗaurin, likita ko maɗori, in ka ga azaba na ƙaruwa, yatsu sun yi sanyi ko sun daina ji, kada ka jira gari ya waye kuma kada ka jira izinin kowa. A sassauta ɗaurin nan take, a nufi asibiti mafi kusa.